Yadda Iyalai Talatin Za Su Haɗa Hannu Su Gina Unguwar Ƙananan Gidaje

Duk wanda ya taɓa zaman haya a Kano ko Kaduna ko Zariya ya san irin nauyin da ke sauka a zuciyar magidanci idan watan biya ya kama, musamman idan mai gida ya aiko da saƙon ƙari, ko kuma ya ce ɗansa zai yi aure yana bukatar gidan. Yawancinmu mun ɗauka cewa mafita guda ɗaya ce tak, wato mutum ya tara kuɗi shi kaɗai, ya sayi fuloti, ya zagaye shi da katanga, ya haƙa rijiya, ya ja wuta, sannan ya ɗora ɗakuna huɗu da falo da bulon siminti. Wannan lissafin ne ya cika gefen garuruwanmu da kangaye waɗanda suka tsaya a linta shekara da shekaru, masu su kuwa har yanzu suna can suna biyan haya.

Akwai wata hanya, kuma ita ce nake so in shimfiɗa a nan mataki bayan mataki: iyalai kamar talatin su sayi fili guda, su yanka shi ƙanana, kowa ya fara da ɗan gida daidai ƙarfinsa wanda za a iya ƙara masa ɗaki nan gaba, sannan su yi tarayya a ruwa da katanga da magudanai da filin wasan yara. A Amurka, inda tsadar gida ta jefa mutane da yawa kwana a titi, an gwada wannan tsari a wurare irin su Dignity Village a birnin Portland, wanda ya faro a shekarar 2000 kuma mazaunansa ne ke tafiyar da shi da kansu, da Community First! Village a gefen birnin Austin, inda kowa ke da ɗan gidansa amma ana tarayya a madafa da banɗaki da wurin wanki. A can, gidan da bai wuce murabba'in ƙafa 400 ba, wato kimanin murabba'in mita 37, shi ake kira ƙaramin gida. Mu ba za mu kwafi nasu yadda yake ba, domin iyalanmu sun fi yawa kuma sirrin gida a wurinmu ba abin sassauci ba ne. Amma tushen abin, wato ƙaramin ɗaki da babban tsakar gida da aikin gayya, namu ne tun kaka da kakanni.

Mataki na farko: mutane kafin fili

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga fili mai araha sannan a shiga neman waɗanda za a saya da su. Tsarin da ya dace shi ne a fara tara mutane, kuma a tara su daga inda aka riga aka san halin juna a sha'anin kuɗi: malaman makaranta ɗaya, 'yan layi ɗaya a kasuwa, ma'aikatan asibiti ɗaya, ko waɗanda suka yi shekaru suna adashi tare ba a taɓa jin kansu ba. Ya kamata ƙarfin samunsu ya yi kusa da juna, domin idan aka haɗa wanda zai iya biyan kasonsa a wata guda da wanda sai ya yi shekara uku, na farkon zai ƙosa, na biyun kuma zai ji ana wulaƙanta shi. Kafin a yi maganar fili, a shafe aƙalla wata shida ana zubi a asusu ɗaya, ko da kuɗin ba su da yawa. Wannan zubin gwaji ne, kuma wanda ya kasa riƙe alkawarin ƙaramin zubi na wata shida ya riga ya ba da amsa a kan babban.

A sa mata a cikin zaman shawara tun ranar farko, da waɗanda za su mallaki gida da kansu da kuma matan magidanta. Su ne za su wuni a unguwar, su ne suka san nisan da ya yi yawa tsakanin famfo da madafa, kuma su ne za su fara gane zanen da ya bar tsakar gida a buɗe ga idon mai wucewa. Shahararren mai zanen gini na Masar, Hassan Fathy, ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna kusa da Luksor a shekarun 1940 da tubalin ƙasa, ginin da har yau masana ke yaba kyawunsa, amma da yawa daga cikin mutanen da aka gina dominsu sun ƙi komawa, saboda hukuma ce ta yanke shawarar tashinsu, ba su ba.

Mataki na biyu: rajista da rubutacciyar yarjejeniya

A nan zan fi daɗewa, domin a nan ne irin wannan tafiya take tsayuwa ko ta rushe. A Najeriya dokar ƙungiyoyin gama-kai ta yarda mutum goma su kafa ƙungiya su yi mata rajista a ofishin da ke kula da irin waɗannan ƙungiyoyi a jiharsu. Amfanin rajistar shi ne ƙungiya ta zama tana iya buɗe asusun banki da sunanta, ta mallaki fili da sunanta, ta kuma kai ƙara ko a kai ta. Kada a yarda a rubuta filin jama'a da sunan shugaba, komai amanarsa da tsoron Allahnsa, domin ranar da ya faɗi ya mutu, takardar da ke ɗauke da sunansa za ta shiga cikin abin da magada za su gani a matsayin dukiyar mahaifinsu, kuma ba za a ga laifinsu ba. Asusun banki ya kasance sai da sa hannun mutum biyu cikin uku kuɗi ke fita, kowane zubi ya bi ta banki, kuma a karanta bayanin asusu a gaban kowa a taron wata.

Yarjejeniyar kanta dole ta amsa tambayoyin da mutane ke jin nauyin yi a lokacin da ake dariya da juna. Idan mutum ya kasa zubi wata uku a jere, me za a yi? Idan ya ga ba zai iya ci gaba ba, nawa za a mayar masa, kuma a cikin wane wa'adi? Idan ya rasu kafin a gama, shin magadansa za su ci gaba a gurbinsa ko za a biya su? Shin an yarda mutum ya zuba 'yan haya a gidansa, ko ya mayar da shi shago? Shin an yarda a ɗora bene, alhali benen zai leƙa tsakar gidan maƙwabci? Duk abin da ba a rubuta ba yau, gobe za a yi shari'arsa a gaban mai unguwa da ɓacin rai.

Sharaɗin da ya fi kowane muhimmanci shi ne na sayarwa. Idan unguwa ta yi kyau, ruwa ya wadata, bishiyoyi suka tashi, masu kuɗi za su zo da tayin da mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya kawar da kai daga gare shi ba, kuma cikin shekaru kaɗan wurin da aka kafa domin masu ƙaramin ƙarfi zai koma hannun masu tara gidajen haya. Maganin wannan shi ne a rubuta cewa duk mai son sayarwa sai ya fara yi wa ƙungiya tayi, kuma farashin shi ne ƙimar abin da ya zuba da abin da ya gina bisa tsadar kayan gini ta ranar, ba tare da ɗora tashin darajar fili ba. Ƙungiya kuma ta sayar wa wanda ke kan layin jira a kan wannan farashi. Wasu za su ce ai Musulunci ya riga ya tanadi haƙƙin shuf'a, wato fifikon da ake ba mutum na sayen kason da wani zai sayar kafin bare ya saya. Haka ne, amma a mazhabar Malikiyya shuf'a haƙƙi ne na abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba, kuma da zarar an yi iyaka kowa ya san nasa, maƙwabtaka kaɗai ba ta ba da wannan haƙƙi. Saboda haka a zauna da malamin da ya san fiƙihun ciniki da gado tare da lauya a zama ɗaya, su tsara sharaɗin yadda zai tsaya a kotun shari'a da kotun gwamnati. Filayen tarayya kuwa, wato masallaci da wurin ruwa da filin yara, ana iya mayar da su wakafi domin kada wani shugabanci na gaba ya yanka su ya sayar.

Mataki na uku: neman fili

Filin da ya fi araha yakan fi nisa, kuma nisa kuɗi ne da ake biya kullum. Kafin a yi ciniki, kowane magidanci ya lissafa kuɗin motar zuwa wurin sana'arsa da dawowa, da na kai yara makaranta, ya ninka da kwanakin aiki na shekara, ya ajiye kusa da kuɗin hayar da yake biya yanzu. Idan suka yi kusa da juna, wannan fili bai yi ba. Gidajen masu ƙaramin ƙarfi da aka gina a zamanin Shugaba Shehu Shagari, tsakanin 1979 da 1983, da yawansu sun daɗe babu kowa a ciki saboda an kai su bayan gari inda babu ruwa, babu abin hawa.

Sai kuma maganar ruwan sama, wadda ni kaina na sha ɗacinta. Shekarun baya mun je duba wani fili da wasu abokan zubi a watan Fabrairu, muka same shi shimfiɗe, ƙasa ja mai kyau, dillali yana ta nuna mana inda titi zai bi. Muna shirin tafiya sai wani dattijo da ke ɗaure akuyarsa a gindin gawo ya kira ni gefe ya ce, “Ɗana, ku ne masu sayen nan? To ku dawo a watan takwas ku gani, nan hanyar ruwa ce tun ina yaro.” Na ce, “Baba, mun gode,” amma a zuciyata na ɗauka yana ƙyashin gonar ne, muka ba da kafin alƙalami a makon. Da muka koma a Agusta, ruwa ya kai gwiwa a kusan rabin filin, kuma kuɗin da muka bayar sai kaɗan daga ciki muka karɓo bayan wahala mai yawa. Tun daga ranar ba na yarda a biya ko sisi a kan filin da ba a gan shi a tsakiyar damina ba, kuma ba na raina maganar manomin da ke maƙwabtaka da shi.

Game da takardu, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ke ba da takardar shaidar mallaka a yankunan birni, ƙaramar hukuma kuma tana ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a karkara. Takardar dagaci ko mai unguwa tana da amfani wajen tabbatar da cewa mai sayarwa shi ne mai gonar, amma ba ta isa ita kaɗai ba. A je hukumar filaye ta jiha, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, a bincika ko gwamnati ta riga ta ware wurin domin wani aiki, ko akwai wani mai takarda a kansa. Idan gonar gado ce, kowane magaji ya sa hannu, har da mata da waɗanda ke zaune a wani gari, domin ɗaya da aka tsallake ya isa ya tsayar da aiki shekaru. A kawo safiyo mai lasisi ya auna ya kafa duwatsun shaida kafin a biya cikon kuɗi. 'Yan'uwanmu na Nijar su ma haka abin yake a wurinsu, sai dai hanyarsu ta bi ta ofishin magajin gari da kwamitocin kula da filaye.

Mataki na huɗu: zanen unguwa

Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Idan aka yanka ta irin fulotin da aka saba, mai ƙafa 50 a 100, da ƙyar za ta ɗauki gidaje 15 ko 16 bayan an cire hanyoyi. Idan kuwa aka ba kowane gida mita 12 a 15, wato murabba'in mita 180, gidaje talatin za su ci 5,400, hanyoyi da magudanai su ci kimanin 2,000, a bar 2,600 domin masallaci da tankin ruwa da lambu da filin wasa. Da wannan kaɗai kuɗin filin kowane iyali ya ragu da kusan rabi. Akwai wani ragin kuma da ba a cika lura da shi ba. Fulotin mita 12 a 15 da ke tsaye shi kaɗai yana bukatar katanga mai tsawon mita 54, amma idan aka jera gidajen suna haɗa bango ta gefe biyu da ta baya, abin da zai hau kan kowa bai wuce mita 33 ba.

Kada a fara aza tubali sai hukumar tsara birane, irin KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ta amince da zanen, kuma a tambaye su tun farko mafi ƙanƙantar fulotin da suke yarda da shi da faɗin hanyar da suke bukata, domin ƙa'idar ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Babbar hanyar unguwa ta isa motar kashe gobara da motar ɗaukar mara lafiya su shiga su juya. Ƙofofin gidaje kada su kalli juna kai tsaye, a goce su kaɗan yadda magabata ke yi. Rabon fulotai kuma a yi shi da ƙuri'a a bainar jama'a bayan an gama zane, shugaba da ma'aji su ɗauki takardarsu daga ƙwarya ɗaya da kowa.

Mataki na biyar: ruwa da tsafta da wuta

Ruwa ya riga gida zuwa, domin da shi za a buga bulo, da shi za a rayar da dashe. Iyalai talatin masu mutum bakwai bakwai mutum 210 ke nan, kuma idan aka ƙiyasta wa kowa lita 40 a yini, ana bukatar lita 8,400. Rijiyar burtsatse ɗaya mai famfon sola da tankuna biyu masu lita 5,000 kowanne za su ɗauki wannan nauyi, muddin an kawo masani ya auna ƙasa kafin haƙa, domin a yankunan da ke kan dutse, kamar yawancin Kano da Kaduna, ana iya haƙa rijiya a nan a samu ruwa, a matsa kaɗan a tarar da fayau. Ruwan rufi ma dukiya ne: kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufin murabba'in mita 40 a garin da ke samun milimita 800 a shekara zai zubo da lita 32,000, kuma ko an yi asarar kashi ɗaya bisa biyar, abin da ya rage ya isa wanki da ban ruwan zogale tsawon damina.

Kowane gida ya sami banɗakinsa a ciki, wannan ba wurin tsimi ba ne. Masai mai rami biyu ya fi dacewa, ana amfani da ɗaya har ya cika, a rufe shi a koma ɗayan, bayan shekara biyu abin da ke cikin na farkon ya bushe ya zama taki da za a iya kwashewa ba tare da cutarwa ba. A bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin kowane rami da rijiya, kuma rijiyar ta kasance ta wajen tudu. Ruwan wanka da na wanke-wanke a bi da shi zuwa ramin tsakuwa a gindin bishiya, kada a sake shi a lungu ya zama kwata mai tara sauro.

A wuta, shawarata ita ce kowane gida ya riƙe ƙaramar solarsa, ƙungiya ta tsaya a famfo da fitilun hanya, domin batirin tarayya yana jawo rigimar wane ya kunna dutsen guga. Ƙwan lantarki huɗu marasa cin wuta, da fanka biyu, da talabijin, da cajin wayoyi, bukata ce da faifan sola mai wat 300 zai iya biya a ƙasarmu da ke samun rana mai ƙarfi ta awa biyar ko fiye a yini.

Mataki na shida: gidan kansa

Gidan farawa ɗakuna biyu ne masu ƙafa 12 a 12, da banɗaki, da rumfar girki, da ɗan soro a bakin ƙofa wanda zai tare idon baƙo, duka kimanin murabba'in mita 40. Sauran filin tsakar gida ne, inda rayuwar Bahaushe take gudana tun asali, kuma a zane a nuna tun yanzu inda ɗaki na uku da na huɗu za su zauna idan iyali ya ƙaru. A shimfiɗa ginin yadda dogayen bangaye za su kalli kudu da arewa, gajerun su kalli gabas da yamma, saboda rana ta fi dukan waɗannan ɓangarori biyu, kuma hadarinmu daga gabas yake tasowa. Kowane ɗaki ya sami taga biyu a bangaye daban domin iska ta ratsa.

Sai maganar da na san za ta fi jawo musu, wato gini da ƙasa. Mun wayi gari muna ganin ginin ƙasa alamar talauci ne, alhali masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 da ƙasa aka yi shi, hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 ƙasa ce, kuma masallacin Yama a jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya ci lambar yabo ta gine-gine ta Aga Khan a 1986. A birnin Yamai ma an kammala wasu gidaje na zamani a 2016, waɗanda ake kira Niamey 2000, da bulon ƙasa da aka matse da inji, kuma Mariam Kamara, 'yar ƙasar, tana cikin waɗanda suka zana su. Bango mai kauri na ƙasa yana shanye zafin rana a hankali ya sake shi da dare, shi ya sa wanda ya taɓa shiga soron tsohon gida a watan Afrilu ya san bambancinsa da ɗakin bulo da kwano.

Abin da ke kayar da ginin ƙasa ruwa ne, ta ƙasa ko ta sama, kuma gidajen da muke jin sun rufta da damina yawanci an ɗora su ne a ƙasa tsurarta ba harsashi, ko an bar rufinsu yana yoyo a kan bango. Don haka a yi harsashi da dutse ko bulon siminti, a ɗaga shi kamar santimita 40 sama da ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri a kansa kafin layin farko na bulon ƙasa. Rufin kwano ya zarce bango da kamar santimita 60, a sa sili, a bar kafar da iska mai zafi za ta fita tsakaninsa da kwano. Wanda ya fi son rufin soro ya tuna cewa azara ta yi wuya saboda giginya ta ragu, amma akwai hanyar rufa ɗaki da tubali zalla a lanƙwashe ba tare da itace ba, wadda aka koyar da magina da yawa a Nijar tun farkon shekarun 1980.

Ba kowace ƙasa ke yin bulo ba. Na ga wani tsohon magini ya ɗebo ƙasa daga zurfin kamu biyu, ya yayyafa mata ruwa, ya dunƙule ta a tafinsa, ya sake ta daga daidai ƙirjinsa. Da ta fashe gida huɗu ko biyar sai ya gyaɗa kai, ya ce da ta watse kamar gari yashi ya yi yawa, da kuma ta zauna a dunƙule yumɓu ya yi yawa, bulon zai tsage idan ya bushe. Ana tabbatar da wannan da kwalba: a zuba ƙasa zuwa rabi, a cika da ruwa, a girgiza, a bar ta ta kwana, sai yashi ya kwanta a ƙasa, yumɓu a sama, kuma ana son yumɓun ya kasance tsakanin kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari. A tankaɗe ƙasar, a haɗa mudu ɗaya na siminti da mudu 15 zuwa 19 na ƙasa, a jiƙa kaɗan, a matse a injin hannu. Bulon a rufe shi da leda a inuwa ana yayyafa masa ruwa mako biyu, kuma kada a ɗora shi a gini sai ya cika mako huɗu. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, ta ƙera irin wannan inji, kuma inji ɗaya ya ishi unguwa duka. A fara gina ɗakin ajiyar kaya ko masallaci da shi, a bar shi ya sha damina guda, domin masu shakka su gani da idonsu.

Mataki na bakwai: kuɗi da gayya

Adashin da muka saba yana da rauni idan aikin zai ɗauki shekaru, domin a lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, kamar yadda ta yi a Najeriya a 2024, wanda ya ɗauka a farko ya sayi siminti da kwano ninkin abin da na ƙarshe zai iya saya da kuɗi iri ɗaya. Gyaran wannan shi ne a ƙidaya zubi da kaya: a ce kason kowa a wata shi ne kuɗin buhun siminti kaza a farashin ranar, kuma abin da kowa zai karɓa gida ne mai awo ɗaya da na kowa. Kuɗi kada su kwana a asusu, a juya su zuwa kwano da katako da ƙofofi a sari, amma siminti a saye shi daidai bukata saboda yana daskarewa idan ya daɗe. Ma'aikatan da ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, suna da haƙƙin neman rance a bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya. Waɗanda ke guje wa kuɗin ruwa kuma suna iya tuntuɓar bankunan da ba sa mu'amala da riba, irin su Jaiz da TAJ, su ji sharuɗɗansu na murabaha (banki ya sayi kaya ya sayar musu da ribar da aka sani) ko ijara (banki ya ba su haya), su karanta su da kyau kafin sa hannu.

Haƙar harsashi da buga bulo da ɗaukar kaya da dashen bishiya duk aikin gayya ne, kuma a nan ake rage kuɗin lebura. A tsayar da rana ɗaya a mako, a buɗe littafin halarta, wanda ba zai iya zuwa ba ya turo wani ko ya biya kuɗin yinin lebura, gwauraye mata da tsofaffi kuma a ɗauke musu. Aza bulo da ɗora rufi da haɗa wayar wuta kuwa a bar wa masu sana'ar, a biya su haƙƙinsu. A riƙa gina gidaje biyar biyar, ana gamawa ana shiga, kuma rukunin farko su tare a mako ɗaya domin kada a bar iyali guda a daji su kaɗai. Wanda ya riga ya shiga gidansa ya daina biyan haya, saboda haka adalci ne zubinsa ya ɗan ƙaru har na ƙarshe ya karɓi mabuɗi, kuma wannan ma a rubuta shi tun ranar farko.

Bayan an tare, kowane gida ya ci gaba da biyan ɗan kuɗin wata a asusun gyara, domin famfo zai lalace wata rana, batirin fitilun hanya kuma yana da iyakar shekarunsa. Darbejiya a dasa ta a bakin hanya nesa da bango da ramin masai saboda saiwarta, zogale da gwanda da lemun tsami su shiga tsakar gida. A kowane watan Afrilu, kafin hadarin farko, a fito gayya ta yini ɗaya a yashe magudanai, a hau rufi a duba ƙusoshi da indararo, a toshe duk tsagar da aka gani a bangon gabas, a kuma zagaya gindin kowane gini a nemi hanyar gara.